Masu sayar da kwas ɗin AdSense arbitrage, ku faɗa wa yaran nan gaskiya

1/ Duk inda ka leƙa a Facebook da TikTok sai ka ga wani oga yana tallan ajin WhatsApp: biya kaza, a koya maka AdSense arbitrage, ka riƙa kwasar dala kana kwance. Jama'a, ku zo mu yi lissafin da ba sa so a yi.

2/ Harkar dai ita ce: ka buɗe shafin intanet, ka sa tallan Google a ciki, sannan ka biya Facebook ko Taboola su turo maka mutane. In abin da Google ta ba ka ya fi abin da ka kashe, ka ci riba. In bai kai ba, ka faɗi. Sari ne kawai, mutane kake sarowa maimakon kaya.

3/ Yaudara ta farko: hoton dashbod da suke watsawa. Za ka ga dala dubu biyu. Ina hoton kuɗin da aka kashe a talla kafin a samu wannan? Ba za ka taɓa gani ba. Wanda ya nuna maka ciniki ya ɓoye uwar kuɗi, ai ba riba ya nuna maka ba.

4/ Mu ɗauki misali. Ka sayi kowane baƙo a naira 15, mutum dubu sun ci maka ₦15,000. A ce duk buɗe shafi sau dubu yana kawo dala 3, wajen ₦4,500 in dala tana 1,500. Kenan sai kowa ya buɗe shafi huɗu kafin ka wuce uwar kuɗinka. Ga harajin VAT na kashi 7.5 da Meta ke ɗorawa a Najeriya tun 2022.

5/ Shi ya sa ake yanka labari ɗaya gida goma, ana ce maka "danna nan ka ci gaba". Ba don mai karatu ake yi ba.

6/ Za su ce ka nemi baƙi daga Amurka ko Ingila, can talla ta fi tsoka. Haka ne. Amma can ma kan baƙo ya fi tsada, kuma gogayya kake da kamfanonin da ke zuba jari da dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, wa ke da wannan ƙarfin cikin ɗaliban da ake tarawa?

7/ Har yau suna ta waƙar "kowane danni kuɗi ne". Alhali tun Nuwamban 2023 Google ta sanar za ta koma biyan masu shafi bisa yawan ganin talla, aka fara a farkon 2024. Malamin da bai sabunta darasinsa ba, me zai koya maka?

8/ Ga matsalar lokaci. Facebook yau take cire kuɗinta. Google kuwa sai kuɗinka ya kai dala 100, ka tabbatar da adireshi da lambar PIN da ake aikowa ta gidan waya, sannan a biya ka daga 21 ga watan gaba. Makonni kana zuba kuɗi ba ka taɓa ko sisi ba.

9/ A cikin makonnin nan, in Google ta ga baƙinka ba na gaskiya ba ne, tana iya taƙaita tallanka, ta zabtare kuɗin, ko ta rufe asusun baki ɗaya ta mayar wa masu talla. Ita Facebook ba za ta dawo maka da naka ba. To wanda ya ci bashi ko ya sayar da waya fa?

10/ Sai kuma "lodin": a sa manhaja, ko a haɗa gungu da VPN ana danna wa juna talla. Mu kira shi da sunansa: zamba ce. Kuɗin na wani ɗan kasuwa ne da ya biya don ainihin mai saye ya ga hajarsa. Kasancewarsa a wata ƙasa bai halatta maka aljihunsa ba.

11/ Masu tallan ma sun farka. Ƙungiyar masu talla ta Amurka, ANA, ta gano a 2023 cewa shafukan da aka gina don talla kawai sun lashe kusan kashi 15 na kuɗin da ta bincika. Tun daga nan ake ta toshe irinsu. Kasuwar da ake watsewa ake kiran ku ku shiga.

12/ Ba na ce babu mai cin riba ba. Akwai, masu jari mai kauri da juriyar asara. Amma ka tambayi kanka: wanda ke da injin dala, me ya kai shi bin ka inbox don kuɗin rajista? Kai ne kasuwarsa, ɗan'uwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

13/ Kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka ce ya nuna maka abu uku na wata guda: abin da ya kashe, abin da dashbod ya nuna, da abin da ya shiga bankinsa. In ya fara kame-kame ko ya kira ka ɗan hassada, riƙe kuɗinka.

14/ In shafi kake so, gina wanda mutane za su dawo da ƙafarsu: farashin hatsi a Dawanau, bayanin JAMB, gyaran sola. Koyon tallan Facebook ma sana'a ce, masu shaguna a Kwari za su biya ka ka tallata musu. A tura wa ƙannenmu kafin su biya.