Tafiyar Tintin Zuwa Duniyar Wata: Ko Littafin Ya Cancanci Kuɗin Makaranta?

Kuɗin da ake ware wa ɗakin karatu a yawancin makarantun sakandare bai taka kara ya karya ba, littafin da aka shigo da shi daga ƙasashen waje kuwa sai ƙara tsada yake yi. Saboda haka duk malamin kimiyyar da ya nemi a sayi littafin labari cikin zane, dole ne ya shirya amsa tambayar shugaban makaranta: me ya sa za a bar littafin fiziks a sayi hotunan yara? Tambayar tana da nauyi. Amma akwai wasu littattafai biyu da suka isa a tsaya a auna su kafin a yanke hukunci.

Mawallafinsu shi ne Georges Remi, mai zane ɗan ƙasar Beljiyam da duniya ta fi sani da Hergé, wanda ya rayu daga 1907 zuwa 1983. Ya fara buga labarin kashi-kashi a mujallar Tintin a 1950, daga baya kamfanin Casterman ya fitar da shi a littattafai biyu: Objectif Lune a 1953, da On a marché sur la Lune a 1954. Fassarar Ingilishi, wato Destination Moon da Explorers on the Moon, ta fito a 1959. Ke nan ɗalibin Damagaram da na Zariya kowa na iya karantawa da harshen da ake koyar da shi. Labarin ya ƙunshi yadda Farfesa Tournesol, wanda ake kira Calculus a fassarar Ingilishi, ya ƙera roka a wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Syldavia, ya ɗauki ɗan jarida Tintin da Kyaftin Haddock zuwa duniyar wata.

Abin lura na farko shi ne lokaci. An kammala labarin kafin Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik a 1957, kafin Yuri Gagarin ya kewaya duniya a 1961, kuma shekara 15 kafin Neil Armstrong da Buzz Aldrin su taka wata a Yulin 1969. Hergé bai dogara ga tunaninsa kawai ba. Ya nemi shawarar masana, ya sa aka ƙera masa ƙaramin samfurin rokar, aka nuna wa Alexandre Ananoff, marubucin wani littafi kan tafiye-tafiyen sararin samaniya.

Wannan ƙwazo ne ya sa littattafan suke da amfani a aji. Alal misali, matafiyan suna tsayawa da ƙafafunsu a cikin rokar muddin injin yana ƙara mata gudu, da zarar an kashe shi kuwa sai kowa ya fara shawagi, abin shan da ke cikin kofin Haddock ya dunƙule ya zama ƙwallo. Haka abin yake a zahiri. A tsakiyar hanya rokar tana juyawa ta mayar da gindinta wajen wata domin injin ya rage mata gudu. A kan wata kuma ana ganin su suna tsalle mai nisa, domin ƙarfin da wata ke jan abu da shi kashi ɗaya ne cikin shida na ƙarfin ƙasa. Ɗalibi mai kilo 60 zai ji kansa kamar mai kilo 10. Akwai kuma inda dutse ya faɗo daga sama kusa da su ba tare da sun ji ƙararsa ba, saboda babu iskar da za ta ɗauko sauti. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da malami zai yi rabin sa'a yana bayani a allo, hoto ɗaya ya isar da shi.

Har ma akwai lissafi mai daɗi. Tsakanin ƙasa da wata kimanin kilomita 384,000 ne. Idan roka ta ƙara gudu da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa har rabin hanya, sannan ta rage shi haka a sauran rabin, ɗaliban manyan azuzuwa za su gano cewa tafiyar ba za ta wuce sa'a uku da rabi ba. Amma kumbon Apollo 11 sai da ya yi kwana uku a hanya. Dalili shi ne babu rokar da za ta iya ɗaukar man da zai ishe ta ta yi ta ƙonawa haka; injin yana aiki na ƴan mintoci ne, sauran tafiyar kuwa da gudun da aka riga aka samu ake yin ta.

To, a nan ne kurakuran littafin suka fara bayyana. Rokar Hergé guda ɗaya ce, ta tafi ta dawo ba ta yar da komai ba, kuma makamashin nukiliya ke tuƙa ta. Ita kuwa Saturn V da ta kai ƴan Apollo, mai tsawon mita 110, hawa uku ce da ake yar da su ɗaya bayan ɗaya, ɗan ƙaramin ɗakin matafiya kaɗai ke dawowa. Amurka ta gwada injinan nukiliya a ƙasa cikin shirin NERVA, ta rufe shi a 1973, kuma har yau irin wannan inji bai ɗauki mutum ba. Haka nan duwatsun watan da aka zana masu tsini ne, alhali hotunan Apollo sun nuna tuddai masu laushin siffa. Sai dai kuskuren da aka san shi kuskure ne, shi ma darasi ne. Ban da haka, zamani ya gaskata wasu abubuwan. Tintin ya tarar da ƙanƙara a cikin wani kogo, sai ga shi a 2009 kumbon LCROSS na hukumar NASA ya tabbatar da akwai ruwa a ramin Cabeus kusa da ƙarshen kudancin wata. A Disambar 2015 kuma hawan farko na rokar Falcon 9 ya dawo ya sauka a tsaye.

Akwai wasu abubuwa da bai kamata a ɓoye wa iyaye da malamai ba. Kyaftin Haddock mashayin barasa ne, ko da yake labarin ya nuna yadda mayensa ya kusa halaka shi da abokan tafiyarsa. Kusa da ƙarshe, da iskar shaƙa ta yi ƙaranci saboda an sami mutane fiye da waɗanda aka yi wa tanadi, wani daga cikinsu ya fice daga rokar ya rasa ransa, lamarin da ke buƙatar malami ya zauna da ɗalibai a tattauna. Babu mace ko ɗaya cikin matafiyan, alhali Valentina Tereshkova ta je sararin samaniya tun 1963. Ya dace a faɗa wa ɗalibai mata wannan. Mafi nauyi duka, wannan mawallafi shi ne ya fitar da Tintin au Congo a 1931, inda ya zana baƙar fata cikin siffar raini irin ta zamanin mulkin mallaka. Ɗalibin Afirka yana da haƙƙin sanin haka. Wannan dalili ne na ƙin sayen jerin littattafan Tintin a dunƙule ba tare da tantancewa ba, amma littattafan wata guda biyu ba su ɗauke da irin wancan zane.

Idan aka auna duka, hukunci a fili yake. Makarantar da ba ta da isassun littattafan fiziks ta fara da su tukuna, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibi ma kada ya karya kuɗin littattafan jarrabawarsa saboda wannan. Amma ɗakin karatun da ya sami ɗan rara, ko ƙungiyar kimiyyar da za ta iya haɗa karo-karo, ya kamata su sayi kwafi ɗaya na kowanne. A sayi biyun tare, domin na farko ya tsaya ne daidai lokacin da rokar ta tashi, wanda ya karanta shi kaɗai zai zama an bar shi a rataye. Idan kuwa kuɗin ɗaya kawai ake da shi, na biyu ya fi ƙunsar kimiyya.

Sannan kada a kulle su a kabad. A raba aji gida biyu, kashi ɗaya su tattaro abin da Hergé ya dace, ɗaya kashin su tattaro inda ya kauce, kowa ya kawo hujja daga littafin fiziks. Ɗalibin da ya koyi tambayar littafi hujja yana ɗan shekara 15, kuɗin da aka kashe a kansa ya riga ya dawo.