Wasiƙa Daga Jidda: Kafin Ku Ce A Sayo Injin Niƙa Kofi

Mu nan Jidda lafiya lau, sai zafi da gumi, wanda duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz ya san shi ba sai an ba shi labari ba.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne, tun da aka sa ranar bikin 'yar wajen Yaya, saƙonni suke ta shigo mini a kan kayan kicin ɗin amarya. A cikin jerin da aka turo har da injin niƙa kofi, aka kuma ja mini kunne cewa lallai "mai haƙora" ake so, irin wanda ake gani a bidiyo, ba mai wuƙa ba. Kuɗin nan karo-karo aka yi, na kuma san akwai waɗanda suka matse bakin aljihu kafin su ba da nasu. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a gaban kowa, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba: galibin gidajenmu ba su da bukatar wannan inji mai tsada, waɗanda kuwa suke da bukatarsa, na hannu ya fi dacewa da su a kan na lantarki. Yaya, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a buga mini waya.

Bari in fara da bambancin, don ba wani baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai wuƙa ɗan'uwan bilenda ne. Wuƙa ce take juyawa da gudu tana saran duk ƙwayar da ta ci karo da ita, wata ta saru sau goma, wata sau biyu. In ka buɗe murfi sai ka tarar da gari da tsaki a cakuɗe, har da ɓarin ƙwaya a gefe. Mai haƙora kuwa ɗan'uwan injin niƙa na unguwa ne, wanda ake aiken yara da masara. Ƙarfe biyu ne masu haƙora suna fuskantar juna, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, ƙwaya ba ta fita sai ta yi ƙanƙantar da za ta bi ta tsakaninsu. Yadda mai inji yake ɗaure noti in ka ce gari kake so, ya sassauta in ka ce ɓarza, haka shi ma wannan yake. Wasu haƙoran a shimfiɗe suke kamar faifai, wasu kuma masu tsini ne kamar mazurari, amma aikin ɗaya ne. Fasahar ma tsohuwa ce. Kamfanin Peugeot ɗin nan da muka sani da Fijo 504 ta Kaduna ya fara ƙera injin niƙa kofi na hannu tun 1840, kusan shekara 50 kafin ya ƙera mota.

To me ya sa masu son kofi suke ta hayaniya a kan a samu niƙa bai ɗaya? Duk matar da ta taɓa dafa shinkafa 'yar Hausa da ta gwamnati a tukunya ɗaya ta san amsar: kafin wannan ta dahu waccan ta caɓe. Ruwan zafi yana tatse garin da ya yi laushi nan da nan har ya fitar da ɗaci, shi kuwa tsakin bai kai ga ba da abin da ke cikinsa ba, sai ya bar tsami-tsami. A kofi guda sai ka ji ɗaci da tsami tare. Wannan matsala gaskiya ce, ba talla ba ce. Amma tana yin tsanani ne in ruwa zai ratsa kofin na ɗan lokaci kaɗan ya wuce. Misali kofin da ake tacewa da takarda a mazurarin V60, inda ake zuba wa kamar giram 15 ruwa mililita 250 a cikin minti uku. Ko kuma esfireso, wanda inji yake tura ruwa da ƙarfi ya gama cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. A nan kam in niƙa ba ta yi daidai ba, an yi asarar kofin. Matasan Jidda sun rungumi wannan salon sosai, ka bi titin Tahliya ko unguwar Rawda da dare ka ga shagunan kofi cike, yaro yana auna ƙwaya a kan sikeli kamar mai sayar da zinariya.

Tambayar da nake so a yi wa amarya, ko ma a yi wa ango, ita ce: wane irin kofi ake sha a gidan? Don abin da na sani, mutanenmu da suka zo Hajji ko Umara ba V60 suka ɗanɗana suka koma suna santi ba. Gahawa ce, mai ruwan ɗorawa, mai ƙamshin hel, wadda ake tsiyayowa daga butar dalla a cikin ɗan finjali a miƙo da dabino. Ita kuwa gahawa wata duniya ce daban. Ƙwayar ba a soya ta ta yi baƙi, ana ɗan gasa ta ne ta yi kalar gyaɗar da ba ta gama soyuwa ba, musamman a kudancin ƙasar. Mutanen arewa nasu ya fi duhu. Sannan a ɓarza ta, a tafasa minti goma zuwa ashirin, a zuba hel, wasu su ƙara kanumfari ko citta ko za'afaran, a bar ta ta kwanta. Abin da ya daɗe haka a kan wuta, ya kuma sha kayan ƙamshi, bambancin girman tsaki ba ya yi masa illar da yake yi wa kofin takarda. Larabawan nan shekaru aru-aru da turmi suke dakan gahawarsu, wani ɗan turmin tagulla da suke kira najar, wanda ƙararsa kaɗai takan sanar da maƙwabta cewa an ɗora buta. Lokacin da hukumar UNESCO ta sanya gahawa cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2015, gahawar turmi ta sanya. Su ma 'yan Sudan da Habashawa da ke zaune a nan, har gobe da turmi da taɓarya matansu suke haɗa jabana, kuma ban taɓa jin wanda ya sha ya ce a mayar ba.

Akwai kuma abin da masu bidiyo ba sa faɗa, kuma shi ne ya fi damuna. Ƙwayar kofi in ta soyu sosai takan yi garas-garas, ka murje ta da yatsa ma ta fashe. Wadda aka yi wa ɗan gashi irin na gahawa kuwa tauri gare ta kamar busasshen wake. Injinan gida masu haƙora an ƙera su ne da ƙwayar da ta soyu a zuciya. Ka cika su da ƙwayar gahawa, sai ka ji motar tana nishi, wani lokaci ta tsaya cak, a ƙananan injina kuma ƙafar roba da ke juya haƙoran ita take fara cinyewa. Na biyu, ba a zuba hel ko kanumfari a cikinsu. Maiƙon kayan ƙamshi yana liƙewa a tsakanin haƙora, ƙamshin ba ya fita, ga shi ba a wanke haƙoran ƙarfe da ruwa don kada su yi tsatsa, sai dai a goge da buroshi. Yanzu ku dubi kicin ɗinmu na gida. Wa zai hana a zuba masoro da citta a injin da ke ajiye a kan kanta ranar da ake sauri a haɗa kunun kanwa? Ni dai ban ga mai iya hanawa ba. Mako biyu ya isa kofin ango ya koma yaji. Mai wuƙa kuwa ba ruwansa, ya niƙa gahawa ya niƙa hel, a goge shi da tsumma, kuma kuɗin mai haƙora na lantarki guda ɗaya zai sayi irinsa da yawa har a yi canji.

Kada a ce na kushe mai haƙora gaba ɗaya. A gidana akwai shi, na hannu, kuma kullum da asuba shi nake juyawa, don ni kofin takarda nake sha, uwargida kuma gahawarta tana mai wuƙa. In ango irin samarin nan ne da suka koyo shan kofi a makaranta a waje, to ya cancanci a sai masa. Sai dai a sai masa na hannu mai haƙoran ƙarfe. Ba ya tambayar wuta, wanda kun fi ni sanin halin da ake ciki da ita a gida. Ba ya cin wuri a jakar da aka ƙayyade mata kilo 23. Giram 15 zuwa 20 ba ya kai minti guda ya niƙe. Irin su Timemore da 1Zpresso sun wadatar, Comandante na Jamus yana da kyau amma kuɗinsa na masu abin hannu ne. Masu haƙoran tangaran irin Hario Skerton sun fi araha, ba sa tsatsa, amma suna da nawa, kuma in ɗan dutse ya shiga suna iya ɓantarewa. Maganar dutse kuwa ba wasa ba ce: duk ƙwayar da aka auno daga buhu, ko a kasuwar Alawi ta cikin Balad ko a Bab Makka, a baza ta a faranti a tsince kamar yadda ake tsintar wake. Aibin na hannu ɗaya ne, ba ya ɗaukar fiye da na mutum ɗaya ko biyu a lokaci guda. Ranar suna ko walima sai dai a nemi majiya ƙarfi.

In kuwa an dage sai na lantarki, to ga abin da zan duba kafin in miƙa riyal ɗina. Ba kyan jiki ba, ba yawan maɓallai ba. Zan juya shi in karanta ɗan rubutun da ke ƙasansa. Wutar Saudiyya tana tafiya a kan 60Hz, ta Najeriya da Nijar kuma 50Hz, don haka ina so in ga an rubuta 220 zuwa 240V da kuma 50/60Hz. Wasu motocin ba su damu da wannan bambanci ba, wasu kuwa gudunsu yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida su riƙa ɗaukar zafi. A kula da wanda aka yi odarsa daga Amurka, shi na 120V ne, ana jona shi a Kano zai yi hayaƙi. Sannan zan tambaya ko ana samun kayan gyaransa. Baratza Encore, alal misali, mai matakin laushi 40, ya yi suna ne saboda ana kwance shi a canza abin da ya lalace maimakon a jefar. Amma ko shi, in haƙori ya cinye a Katsina, sai an jira wani mai zuwa Umara ya taho da sabo. Kada kuma a manta da harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari da ake biya a nan tun watan Yulin 2020, don wani lokaci abin da ake zaton ya fi araha a Jidda bai fi ba.

Wani abin da nake ganin ya fi injin muhimmanci shi ne ita kanta ƙwayar. Inji komai tsadarsa ba ya mayar da tsohon kofi sabo. Amfanin niƙa a gida shi ne ƙamshi, don da zarar an niƙa ƙamshin yake fara gudu, shi ya sa ake niƙa na sha ɗaya kawai. To in aka kai inji gida, ina za a riƙa samun ƙwaya? A nan ba wuya. Akwai Harari daga Habasha, wadda ita ce ta cika kasuwa, akwai Khaulani da ake nomawa a duwatsun Jazan kusa da iyakar Yaman. Hukuma ma ta ɗauki abin da zafi: an ayyana 2022 a matsayin shekarar gahawar Saudiyya, aka umarci gidajen abinci su daina rubuta "gahawar Larabawa" su koma "gahawar Saudiyya", kuma a shekarar ce UNESCO ta amince da noman Khaulani a matsayin al'adar gado. Nakan yi murmushi in na tuna cewa a Makka ɗin nan, a 1511, gwamna Khair Beg haramta shan gahawa ya yi, har sai da umarni ya zo daga Alƙahira aka sassauta. A gida kuwa, abin da ke teburin mai shayi Nescafé ne, wanda garin narkewa ne, ba ya bukatar inji ko kaɗan. Muna da kofi mai kyau da ake nomawa a tsaunin Mambila a jihar Taraba, da kuma wajen Jos, amma sai mutum ya sa kansa nema kafin ya samu gasasshe. In ba a tanadi wannan ba, injin zai ƙare a cikin kabet kusa da kwanukan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, ana nuna wa 'yan ganin ɗaki.

Saboda haka ga abin da na yi niyyar yi da kuɗin, in Yaya da su Gwaggo sun amince. Zan sayi mai wuƙa mai ƙwari guda ɗaya, da ƙaramin turmin tagulla, da dalla da finjalai dozin, da kilo biyu na ƙwayar Harari da rabin kilo na hel. In an tabbatar mini ango mai shan kofin takarda ne, zan ƙara da na hannu mai haƙoran ƙarfe daga aljihuna, ya zama gudummawata. Abin da ya rage a mayar da shi kan tukunyar gas, wadda na ga an sa ta a ƙasan jeri alhali ita za a kunna sau uku a rana.

Akwai mai tahowa gida ƙarshen wata, don haka ina jiran amsa kafin Juma'a ta sama. A gaida Inna da jiki, a ce mata man zaitun da habbatussauda suna cikin kayan. A gaida su Baffa da duk yaran gida.

Wassalam,
Naku a Jidda.