Danƙon waya da danƙon gona

Jama'a, jiya bayan La'asar na leƙa gonar yayana a nan ƙasar Dambatta. Gero ya yi ido, lokacin da tsuntsu ba ya ɗaga ƙafa ke nan. An bar ɗansa mai shekara 11 yana tsaro. Na same shi a gindin darbejiya, danƙo rataye a wuya, ya duƙufa kan wayar babarsa yana harba tsuntsaye a kan aladu. A bayansa kuwa tsuntsayen gaske sun sauka kan zangarniya suna ta biki. Na yi masa magana, ko kai bai ɗago ba, sai cewa ya yi: "Baffa, tsaya, saura tauraro ɗaya."

Wasan Angry Birds ne. Kamfanin Rovio na ƙasar Finland ya fito da shi a Disambar 2009. Za ka ja danƙo da yatsa, ka auna, ka saki tsuntsu ya rushe ginin katako ko dutse da korayen aladu suka ɓuya a ciki, wai don sun sace musu ƙwai. Shi ke nan fa. Amma wannan ɗan abin ne ya sa kamfanin Sega na Japan ya sayi Rovio a 2023 kan kuɗi sama da Yuro miliyan 700. Mu da muka tashi da gwafa da robar tayar keke, ko kwabo ba mu samu ba.

Da daddare a majalisa aka yi ta musu. Wani ya ce a fasa wayar kawai. Wani ya ce ai haramun ne tunda akwai alade a ciki, aka ce masa Malam, harbinsu fa ake yi, ba kiwo ba. Ni dai ban ga laifin wasan kansa ba. Yaron da ke lissafin inda zai auna, da tsuntsun da zai fara jefawa da wanda zai ajiye, ƙwaƙwalwarsa na aiki. Mu ma langa da dara sun sha sa mu mantuwa da awaki har suka shiga gonar mutane, muka sha bulala. Shagala ba a waya ta fara ba.

Abin da ya tayar min da hankali daban ne. Na karɓi wayar na duba. Ban da wannan wasan akwai wasu huɗu masu kama da shi, na harbin kwalabe da na fasa balan-balan, duk an turo su ta Xender a wajen mai cajin waya. Rovio ya cire tsohon wasan daga Play Store tun Fabrairun 2023, to galibin abin da ke yawo a ƙauyukanmu tsofaffin kwafi ne da kwaikwayo, ba ka san wanda ya haɗa su ba. Na kunna data, na buga zagaye biyu kacal, sai ga talla ta cika fuskar waya: zuba kuɗi kaɗan ka ci mai yawa. Caca ce ƙiri-ƙiri. A 2024 Hisbah ta bi shagunan caca a birnin Kano tana rufewa, kuma ta kyauta. Amma wannan shagon yana cikin aljihun yaro, a gindin darbejiya, kuma da sunan wasan yara ya shigo.

Ga kuma kuɗi. Tun Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data, matar yayana ke ƙorafin datarta ba ta kwana. Da wayar take karɓar odar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tana zargin kamfanin layi, ashe bidiyon talla ne ke zuƙewa. Ga kuɗin caji kullum, don wutar lantarki sai dai labari.

Ban ƙwace wayar ba, don in ka hana shi a gida, zai je ya tsaya a bayan wani a dandali, can ne ma ba ka ganin abin da ke fitowa. Na goge na bogin nan huɗu, na bar masa ɗaya da ke aiki ba data. Na nuna wa babarsa yadda za ta kashe data kafin ta miƙa masa. Muka yi yarjejeniya: waya ba ta zuwa gona har a yanke gero, wasa sai bayan ya dawo daga Islamiyya.

Iyaye, don Allah yau ku karɓi wayar, ku kunna data, ku buga wasan da kanku na minti 5, ku ga abin da ke faɗowa. Ni sai da na kai mataki na 9 kafin na tuna abin da nake dubawa.