Fodkas ya kwashe hira, saura rediyo ta buɗe taskarta

Cunkoson safiya a hanyar Mararaba zuwa Nyanya, ko ta Kubwa, ya daɗe yana tara wa gidajen rediyon Abuja masu sauraro. A da ma'aikaci kan murɗo Kapital FM ko Cool FM, ya karɓi duk waƙar da mai gabatarwa ya zaɓa masa. Yau da yawa sun haɗa wayarsu da lasifikar mota: waƙa daga Audiomack, Boomplay ko Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, hira kuma daga fodkas, wato shirin sautin da ake saukewa daga intanet a saurara lokacin da aka ga dama.

Abin da fodkas ya karɓe daga hannun rediyo shi ne hira a kan waƙa. A rediyo mawaƙi kan samu 'yan mintoci tsakanin talla da labarai, a fodkas kuwa ya baje kolinsa na sa'a guda, ya faɗi yadda ya tsara baiti da yadda suka kwashe da furodusa. Mai sauraro ya tsayar idan ya isa ofis, ya ɗora da yamma. Zamanin zaɓi-sonka, da mutum zai aika kati ya jira mako kafin a sako masa waƙa, ya ja baya.

Sai dai fodkas na da iyaka. Mai shirin ba shi da ikon saka waƙar wani ba tare da izini ba, kamar yadda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanada. Ga kuma tsadar data, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, alhali rediyo batir kawai take buƙata.

A nan hukumar FRCN ke da damar da babu mai irinta. Gidan Rediyon Kaduna, da aka kafa a 1962, ya naɗi muryoyin manyan mawaƙan Hausa irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Tef ba ya jure zafi da ƙura har abada, kuma tsofaffin ma'aikatan da suka san labarin kowace waƙa suna ta raguwa.

Ya kamata Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta ware kuɗi a kasafi domin mayar da waɗannan faya-fayai cikin kwamfuta, a daidaita da magadan mawaƙan kan haƙƙinsu, sannan a fitar da su a matsayin fodkas mai sharhin masana. Matashin da ya saba da wayarsa ba zai dawo ya jira lokacin shiri ba. Idan ana son ya ji kalangun Shata da kuntigin Ɗanmaraya, dole a kai masa su inda yake, tun kafin tef ɗin ya lalace.