RA'AYINMU: Kada Tausayi Ya Kwantar Da Mai Ciwon Zuciya

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ko unguwar Sabo ta Ibadan ya san abin da mutanenmu kan yi idan ɗan'uwa ya sami bugun zuciya. Ran da aka sallamo shi daga asibiti sai a shimfiɗa masa katifa a ƙuryar ɗaki, a hana shi ko ɗaukar buta, masu zuwa dubiya kuwa kowa bakinsa ɗaya: "Alhaji, a dai huta." In an kwana biyu sai a haɗa masa kuɗin mota ya tafi gida Arewa ya ci gaba da kwanciya. Ba mu musun cewa ƙauna ce ta kawo haka, amma a ganinmu wannan tausayi yana cutar wanda ake ji wa shi.

Ciwon da muke magana a kai shi ne wanda kitse ke taruwa a jijiyoyin da ke kai wa naman zuciya jini, har su tsuke. Mai shi yakan ji ƙirjinsa ya yi nauyi in ya yi sauri ko ya hau bene, ran da jijiya ta toshe ɗungurungum kuwa shi ne bugun zuciya. Hawan jini da ciwon suga da shan taba da ƙiba da yawan zama su ne ke share masa hanya. Ɗan canjin da ke wuni a kan benci, da direban tirela, da dillalin da ke zaune a rumfa tun safe har magariba, kowannensu sai ya yi hattara.

Su kansu likitoci a dā hutun suke bayarwa. Mako shida cur akan kwantar da wanda zuciyarsa ta buga, ana tsoron kada motsi ya ƙarasa ta. A shekarar 1952 wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Samuel Levine da Bernard Lown, suka bayyana cewa marasa lafiyar da suka riƙa zaunar da su a kujera sun fi samun sauƙi. A 1955 Shugaban Amurka Eisenhower ya sami bugun zuciya, ya warke ya koma ofis, har ya sake cin zaɓe a 1956. Sai kuma gwajin da aka yi a birnin Dallas a 1966, inda aka kwantar da samari biyar lafiyayyu mako uku. Da aka sake auna su bayan shekara 30, aka tarar kwanciyar mako ukun nan ta fi tsufan shekara 30 rage musu ƙarfi. To, in haka ta yi wa saurayi, ina ga dattijo mai jinya?

A 2021 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 85 da aka yi a kan mutum fiye da 23,000 masu wannan ciwo. Abin da ta samu shi ne, waɗanda aka sa su motsa jiki bisa tsari sun fi tsira daga sake bugun zuciya, sun fi ƙarancin komawa gadon asibiti, sun kuma fi jin daɗin zaman duniya. Dalilin a fili yake. Jikin da ya saba da motsi bai cika wahal da zuciya ba, hawan jini da suga sukan sauka, fargabar mutuwar nan da ke hana mai jinya barci ita ma takan ragu in ya ga ƙafarsa tana ɗaukarsa.

Amma fa a fahimce mu. Ba mu ce mai dako ya koma kasuwar Mile 12 ya ɗauki buhun albasa ba, ko mai tura baro ya koma bakin aikinsa washegari. Motsa jikin da ake nufi magani ne, kuma kamar kowane magani yana da awo. Likita ne zai fara duba zuciyar ya faɗi iyakar abin da za ta ɗauka. Akan fara da tafiya ta minti 5 ko 10 a fili marar tudu, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai minti 30 a yawancin kwanakin mako. A ƙasashen da suka kafa wannan tsari, mai jinya kan je asibiti sau biyu ko uku a mako har wata uku, yana motsa jiki ana lura da shi. Ma'aunin da kowa zai iya riƙewa shi ne mutum ya yi tafiyar da zai iya hira a cikinta ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Da zarar ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko haki mai tsanani, sai ya tsaya, a nemi likita ba da jinkiri ba. Maganin asibiti kuwa ba a ajiye shi don an fara tafiya, taba ce kaɗai ake ajiyewa.

Mun san zaman Kudu yana da nasa wuya. Ɗaki ɗaya ne, titi cike da danfo, ga rana, ga neman abin sawa a baka. Duk da haka akwai dabara. A fita da sanyin safiya bayan sallar asuba, a tafi masallaci da ƙafa, a sami yaro ko maƙwabci ya yi rakiya. Matanmu ma wannan ciwo bai ƙyale su ba, kuma tsakar gida ta isa su zagaya in an ba su dama.

Saboda haka muna kira ga duk mai jinyar da za a sallama daga asibiti, ko LUTH ce ko UCH ko wata ƙarama, kada ya fito sai ya tambayi likita irin motsin da ya dace da shi. Wanda bai jin Turanci ko Yarabanci ya tafi da tafinta, don kunya ba ta maganin ciwo. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa jama'a bayani da Hausa. Hukumomin lafiya kuma su kafa wannan tsari a manyan asibitoci, kuɗinsa daidai aljihun talaka, domin ya fi tiyata araha nesa ba kusa ba.

Mu kuma masu zuwa dubiya, maimakon "a dai huta", sai mu tambayi abin da likita ya ce, in ya ba da izni mu kama hannun ɗan'uwanmu mu taka tare zuwa bakin layi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.