A Aljeriya Baƙar Fata Ce Laifi, a Yamai Kuma Shiru Ake



In a Kance kake, ko Matamai, ko Magarya, ko Tasawa, ba sai an yi maka bayanin tafiya Aljeriya ba. Ka san wanda ya sayar da akuyarsa ya yi kuɗin mota. Ka san wadda ta goya yaro ta bi ayari bayan damina ta yi gardama. Wataƙila kai kanka ka taɓa zuwa. Abin da muke so mu tattauna da kai a wannan takarda shi ne yadda ake dawo da su, da kuma abin da hukumominmu ke cewa in an dawo da su.

Ga yadda kamun yake. Saurayi ya fito da asuba zai je shantiye inda yake kwaɓa siminti. A bakin titi mutum goma na jiran bas. Motar ƴan sanda ta tsaya, aka wuce tara, aka nufo shi. Bai yi sata ba, bai yi faɗa ba, ba a ma san sunansa ba. Abin da aka gani kawai shi ne baƙi ne. Wani a kasuwa ake ɗauke shi, wani a kan bene yana aiki, wani cikin dare ake buga ƙofar ɗakin da suke haya a fito da su duka, da mai barci da mai jinya. Ba a barin mutum ya koma ya ɗauki jakarsa. Kuɗin aikin da yake bin mai gida ya tafi ke nan. Wayar da ke aljihunsa ma sau da yawa a hannun jami'ai take ƙarewa.

Kada ka ce zancen ƴan adawa ne. A watan Disamba na 2016 an tattara baƙaƙen fata sama da 1,400 a birnin Alje da kewayensa, aka zuba su a wani sansani a Zeralda kafin a yo kudu da su. A watan Oktoba na 2017 ƙungiyar Amnesty International ta ce cikin mako uku an kori sama da mutum 2,000, kuma ta faɗa ƙarara cewa da launin fata aka yi kamun, don ba a tsaya duba fasfo ko takardar zama ba, alhali a cikinsu akwai masu takardu cikakku. A watan Yuni na 2018 kamfanin labarai na AP ya ba da rahoton sama da mutum 13,000 da aka watsar cikin hamada a wata 14. A 2020 ma, ana tsakiyar annobar korona, Human Rights Watch ta ƙirga sama da mutum 3,400 da aka koro Nijar daga farkon Satumba zuwa farkon Oktoba, cikinsu yara 430 da mata 240. Har da masu riƙe da takardar neman mafaka ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai yaran da aka kama a titi aka yo kudu da su, iyayensu na can ba su sani ba.

Daga Alje zuwa Tamanrasat kusan kilomita 2,000 ne, a bas, kwana da kwanaki. Daga nan a loda mutane a kamiyo kamar buhunan gero zuwa In-Gizam. Ƴan Nijar ana kawo su cikin ayarin da ake kira na hukuma, a miƙa su ga jami'anmu. Ƴan Mali, Gini, Kamaru, Najeriya da sauransu kuwa, sai a sauke su a wani fili da ake ce wa Puwan Zero, a nuna musu kudu da yatsa, a ce Asamaka na can. Kilomita 15 ne a ƙasa, cikin rairayi, ba inuwa ba rijiya. Mai ƙarfi ya isa. Mai ciki, da tsoho, da wanda ya sha duka a hanya, sai yadda ta yiwu. Wanda ya ɓace wa hanya kuma ba kowa ne ake samu ba.

Za ka ji wasu, har cikinmu, suna cewa ai ƙasarsu ce, su suka kai kansu. Gaskiya ne kowace ƙasa tana da ikon cewa wanda ba shi da takarda ya fita. Gaskiya ne kuma bara da ƙananan yara a titunan wata ƙasa abin kunya ne, kuma masu karɓar ƴaƴan mutane haya su kai su bara sun cancanci hukunci. Ba mu musa ko ɗaya ba. Amma korar mutum tana da hanya. A tambaye shi sunansa, a duba takardarsa, a gaya masa dalili, a ba shi damar magana. Dokar Aljeriya kanta ta 2008 a kan baƙi ta ba wanda aka yanke wa kora damar kai ƙara gaban alƙali. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981, wadda Aljeriya da Nijar duka suka amince da ita, ta hana korar baƙi jumla saboda launinsu ko ƙabilarsu. To wa ya ga alƙali a Zeralda? Ɗan sandan da ya wuce mutum tara ya cafki na goma ba takarda yake nema ba, don da ita yake nema da ya tambayi kowa. Su kansu Aljeriyawa suna da baƙaƙensu a Adrar da In-Salah da Wargla, ƴan ƙasa haihuwar kaka da kakanni, kuma kalmar nan ta kahlush da ake jifan ɗanka da ita a titi, su ma ba ta ƙyale su ba.

Ba daga ɗan sanda abin ya faro ba. A 2017 an yi ta yaɗa kamfe a intanet na cewa ba a son ƴan Afirka a Aljeriya, kamar ita Aljeriyar a wata nahiya take. A watan Yuli na wannan shekarar Ahmed Ouyahia, wanda ke riƙe da ofishin shugaban ƙasa a lokacin, ya fito ya danganta baƙin haure da laifi da ƙwaya. In babba ya faɗi haka a talabijin, me kake tsammani daga ƙaramin jami'in da ke sintiri a unguwa?

Yanzu mu dawo gida, don ƙuri'arka ba a Alje za ka jefa ta ba. Ka tuna Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, motocinsu sun mutu ƙishirwa ta gama da su. An yi zaman makoki na kwana 3. Shekara ta zagayo, a 2014 gwamnatinmu ta shirya da Aljeriya a riƙa maido ƴan Nijar gida. Human Rights Watch ta ce yarjejeniyar ta baki ce. Ka ji fa, rayuwar dubban talakawa a kan maganar baki. Ko gona za ka jinginar, kana kiran shaidu. Wannan ƙofar da aka buɗe ita ce har yau kamiyo ke bi. A 2018 ministan cikin gida ya yi ƙorafi cewa a daina turo mana ƴan wasu ƙasashe. Madalla. Amma namu fa? Yadda aka kama su, da dukan da suka sha, da guminsu da aka bari a hannun masu shantiye, wa ya tsaya ya ƙirga? Jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin baƙin haure ya zo Nijar a Oktoban 2018 ya ce a tsayar da wannan kora ta jumla. Baƙo ya faɗa a cikin gidanmu, masu gida na kallon ƙasa.

A watan Mayun 2020, da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a Amurka har ya mutu, kowa ya gani a wayarsa, kowa ya yi tir, har shugaban hukumar Tarayyar Afirka ya fitar da sanarwa. Daidai ne. Sai dai Amurka tana bayan teku, Asamaka kuwa cikin jihar Agadas take. Yin tir da na nesa ba ya cin kuɗi. Maƙwabci mai mai da gas da sojoji shi ne ake jin nauyin gaya wa gaskiya.

Ba muna cewa a yi gaba da Aljeriya ba. Iyakarmu da su doguwa ce, kasuwa na tsakaninmu, taliya da madara da dabino daga can suke shigowa. Maƙwabtaka ce ma ta sa dole a yi magana. Muna da ofishin jakadanci a Alje, muna da ƙaramin ofishi a Tamanrasat. Aikinsu ne su shiga inda aka tsare ƴan ƙasa, su ɗauki sunaye, su rubuta wa aka daka, wa aka ƙwace wa kuɗi, wane mai gida ya riƙe ladan wane. A rubuta yarjejeniyar nan a takarda, a kai ta majalisar dokoki depitoci su karanta, a fassara ta da Hausa a karanta a rediyo. Kuma wanda aka sauke a Agadas aka ba shi kuɗin mota zuwa ƙauye, in ya tarar da rumbu wayam, ka san bayan wata biyu yana kan hanya kuma.

 Kafin zaɓe ƴan takara za su zo dandalin garinku da kiɗa da atamfa da shinkafa, namu da nasu. In an ba da dama, ka miƙe ka tambaya: me yarjejeniyar 2014 ta ce, kuma wa ya ga rubutunta? In akwai wanda aka koro a unguwarku, ku zo da shi, ya faɗi da bakinsa a ina aka kama shi da nawa yake bi, a gaban mai neman ƙuri'ar.