Ku Bar Ciyawar Gidan Alhaji, Ku Rubuta Injin Fadama

Maudu'in wannan mako ƙorafi ne, kuma ba zan yi kwana-kwana ba.

Duk mai bin littattafan da ake saki a waya ya san gidan nan. Ƙaton get, mai gadi ya taso da gudu, harabar gida an shimfiɗe ta da koriyar ciyawa kamar darduma, can gefe wani yaro yana tura injin yankan ciyawa, Hajiya na zaune tana kurɓar shayi. Sai ka bincika ka tarar marubucin ɗan Birchi ne ko Kurfi ko Dutsin-Ma, kuma inda ya fi ganin wannan inji shi ne fim ɗin Indiya ko na Turkiyya. Alhali a bayan garinsu, tun daga kaka har bazara, ɗan'uwan wannan injin na can yana ruri a fadama, yana shayar da tumatir da attaruhu da albasar da ake yi masa miya da su. Wancan na aro ya samu shafi guda, wannan na gida ko layi ɗaya bai samu ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

A ƙasarmu ciyawa dukiya ce. Da lauje ake yankanta, a ɗaure dami-dami, a ɗora a kan rumfa ko a reshen bishiya tare da harawar wake da ta gyaɗa, a jira rani ta yi kuɗi wajen masu kiwo. Mutumin da zai sayi fetur ya aske ciyawa ya zubar, sannan ya yi mata ban-ruwa a watan Afrilu lokacin da mata da yara ke layi a bakin burtsatse, ba na cewa babu shi. Akwai shi a manyan unguwannin Katsina da Kano da Abuja, kuma akwai injin a gidajen gwamnati da manyan makarantu. In za ka sa shi a labari, to ka san me ka sa: alama ce ta mai ruwan da ya fi ƙarfin buƙatarsa. Wannan kansa jigo ne mai kyau. Amma a jefa shi don ado kawai, lalaci ne.

Turawan da muke kwaikwayo ba haka suka yi da nasu ba. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiri injin yankan ciyawa a Ingila a 1830, bayan ya lura da na'urar da ke aske gashin yadi a masaƙa. A 1902 kamfanin Ransomes ya fara sayar da mai amfani da fetur. Yau a garin Southport akwai gidan tarihi na injinan yankan ciyawa zalla, kuma tun 1990 suke da ƙungiyar masu tara tsofaffin. Mutum zai gaya maka shekarar da aka ƙera nasa, da wanda ya fara saye, da abin da aka canza a jikinsa. Kana iya yi musu dariya, amma abin da ke bayan gidansu suka ɗauka da muhimmanci har suka rubuta shi. In kwaikwayo za mu yi, wannan ɗabi'ar ce abin ɗauka.

Mu ma muna da namu tarihin, kuma ya fi nasu nauyi domin abinci ne a ciki. Kakanninmu da jigo suke ban-ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, mutum ya wuni bai shayar da abin kirki ba. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, kuma a shekarar ce kamfanin Honda ya fito da jerin injinansa na GX. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990 ya ƙara yaɗa ƙananan rijiyoyi da injinan ban-ruwa a Arewa. Daga baya 'yan Caina suka kwafi GX160 kusan ƙusa da ƙusa, suka cika kasuwa da shi a farashin da talaka zai iya. Irin wannan zuciyar ce a cikin injin ban-ruwa, da janareto, da injin markaɗe, kuma danginta ce a cikin injin yankan ciyawar gidan Alhaji. Wane ne ya fara kawo inji fadamar garinku? Nawa ya saya? Me masu jigo suka ce ranar da suka gan shi? Dattawan da suka san amsar suna nan da rai, amma ba za su dawwama ba. Gidan tarihinmu kuwa shi ne rumfar bakanike, inda tsofaffin injina ke jibge, kuma kullum 'yan gwangwan na zuwa suna auna su a kilo.

Ku je wannan rumfa ku ji gardamar da ba ta ƙarewa: tsohon Honda na hannu ko sabon ɗan Caina a kwali? Masu tsoho za su ce da tsohuwar zuma ake magani, ƙarfensa ya fi, ya fi jure wuni yana aiki. Masu sabo za su ce kuɗin tsoho ɗaya ya sayi sabo har da canji, kuma kayan gyaransa ko a ƙauye ana samu. Ni matsayina shi ne, duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Na asali ya fi inganci, babu ja. Amma yawancin injinan da ke mutuwa a fadamunmu ba ƙasar da aka ƙera su ce ke kashe su ba, riƙon da ake yi musu ne.

Ga misali. Injin nan baƙin man da yake sha bai wuce kashi shida cikin goma na lita ba. Masu ƙera shi sun ce a yi juye bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Manomin da ke ban-ruwa awa biyar a rana ya cika awa 100 cikin kwana ashirin, amma sai ka ga an yi rani guda da mai ɗaya, ana dai ƙarawa in ya ragu. Matatar iska an ce a wanke ta duk awa 50, a wurin ƙura ma kafin haka, mu kuwa a tsakiyar hunturu muke aiki. Da ta toshe sai a cire ta a jefar, a ce ai inji ya fi numfashi. Daga ranar ƙura ke shiga tana cin fistin da ringi kamar sanfefa, har inji ya fara hayaƙi yana shan mai. In damina ta faɗi sai a jingine shi da fetur a ciki, fetur ɗin ya tsufa ya daskare a kafireta, kaka ta yi a yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami. Wani kuma zai tayar da shi bai cika tukunyar famfon da ruwa ba, sil ya ƙone cikin ɗan lokaci. Kuma komai ƙarfin inji, ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita takwas, domin nauyin iska ne ke turo ruwan cikin mesa, kuma iyakarsa ke nan. Manomi nawa ne suka zargi bakanike, ko suka sayar da lafiyayyen inji, alhali ruwan rijiyar ne ya yi ƙasa?

Duk wannan yana rubuce a ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali, da Turanci ko Sinanci. Wa zai mayar da shi Hausar da manomi zai ji? Mu da muke kiran kanmu marubuta, muna can muna siffanta labulen ɗakin amarya.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, adabi ba littafin kanikanci ba ne. Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya bar soyayya ya koma lissafin fulogi ba. Amma ku gwada waɗannan biyu. Wani ya rubuta: "Injinsa ya lalace, ya shiga damuwa matuƙa." Wani kuma ya rubuta cewa Malam Sani ya ja igiya sau goma sha, ya kwance fulogi ya ga ya yi baƙi ƙirin, ya goga a gefen rigarsa ya mayar, tumatir na fure, kwana uku ba ruwa, ga kuɗin takin da ya ranto da alkawarin biya in ya kai kwando kasuwa, ga kayan ɗakin 'yarsa da ke jiran wannan kwandon. Na biyun bai ambaci damuwa ba, amma wa ya fi sa ka jin ta? Sanin abu shi ke ba labari ƙashi. Inji guda yana iya raba wa da ƙane a kan gado, yana iya haɗa aure, yana iya jawo shari'a tsakanin maƙwabta a kan aro. A yankinmu da matsalar tsaro ta addaba, manomin da ke ɗaure injinsa a bayan babur ya dawo da shi gida kullum kafin magariba labari ne sukutum.

Na biyu, wai Hausa ba ta da kalmomin. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa zama a gareji ba. Kafireta, fulogi, fistin, bawul, cok, salansa, juye, "inji ya buga", "yana shan mai", "ya ƙi ɗauka": kanikawa sun daɗe da hausantar da su ba tare da sun jira wani kwamiti ba. Kalmar aro da ta kwana a bakin Bahaushe ta zama tasa, kamar yadda mota da tebur da alƙalami suka zama. Aikinmu shi ne mu saurara, mu rubuta daidai, mu daidaita rubutun. In muka ƙi, yaran da ke tasowa za su ɗauka cewa duk maganar da ta shafi ƙarfe sai da Turanci, Hausa kuwa ta zance da kuka ce.

Na uku, wai fetur ya kusa zama tarihi, me ya sa za mu ɓata tawada? Lallai kiɗa na canzawa. Tun da aka sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Manoma da yawa sun canza kafireta sun koma iskar gas ta girki, masu hali sun koma sola. A can Amurka ma Honda ya daina ƙera injin yankan ciyawa mai fetur a 2023, kamfanin Briggs & Stratton kuwa ya shiga shari'ar karayar arziki a 2020. Amma wannan hujjata ce, ba tasu ba. Abin da ke shirin wucewa shi ya fi buƙatar a rubuta. Jigo ya wuce a idonmu, yau yaro nawa ne zai iya siffanta shi? Kuma sauyin kansa akwai rai a ciki: tukunyar gas kusa da salansa mai zafi da tiyo mai yoyo ba abin wasa ba ne, kamar yadda hayaƙin janareto a cikin ɗaki ya sha hallaka iyali guda a dare ɗaya. Rubutun da ya gargaɗi mutum ɗaya ya biya kuɗin tawadarsa.

Don haka ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi bakaniken injin ban-ruwa ko na janareto mafi tsufa a garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya nemi izinin zama awa ɗaya. Ka tambaye shi inji mafi daɗewa da ya taɓa gyarawa, da abin da ya fi kashe injina a wajensa, da sunan kowane ƙarfe da ka gani. 'Yan'uwa mata, injin markaɗen unguwarku ya isa, kuma matan da ke layi a wurin sun fi kowa labari. A rubuto shafi ɗaya, labari ko bayani, ba tare da kalmar "damuwa" ko "matuƙa" ba.

Wanda yake ganin na zalunci gidan Alhaji da ciyawarsa, ga fili ga mai doki, ya kawo hujja. Allah Ya ƙara mana basira, Ya ba manomanmu rani mai albarka da zaman lafiya.